Askin da Ba a Ƙarasa Ba

Jama'a, wanga labari ba ji nay yi ga bakin wani ba, ni abin yas sama da kaina, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunai ban ƙara mishi gishiri ko ƙwara guda ba. Wanda ya yarda shi yarda, wanda bai yarda ba Allah shi ba mu lahiya baki ɗai, ni dai na tsuhwa da ƙarya.

Zamanin Turawa na, 'yan shekaru bayan sojanmu sun komo daga babban yaƙi, ina saurayi sabon aure, ina aikin masinja ohishin hakimi nan ƙasar Rabah. Aikin ba wani aiki ba na, kai takarda, kawo takarda, riƙe ma Di'o, Baturen mulki, linzami in ya zo rangadi, amma yadda nike ɗaga hanci cikin kakin nan sai ka ce ni ka riƙe da lardin Sakkwato. To shekarar nan anka kawo muna wani Di'o siriri mai jan wuya, wanda Allah ya jarraba da son tsohon tarkace. Duk garin da yas sauka sai shi ce a kawo mishi kayan kakanni, wai za a kai birni a sa cikin gilashi mutane su gani, in an gama a maido. Mun tara mishi sulke mai tsatsa daga wajen Wurno, da kwari da baka, da wani hwasasshen tambari da anka ce tun kamin jihadi ake buga shi, kowane sai shi ɗaura mishi 'yar takarda ga wuya awa akuyar kasuwa. Maidowa kuwa, har yau suna kan hanya.

Ana nan sai wani mai dogon baki yak kai mishi labarin dutsen washi. Akwai wani gari gabas da Rara, cikin kwari tsakanin duwatsu biyu, ba ni hwaɗin sunanai don jikokin mutanen na nan da ransu. Kakanninsu bisa dutse sunka hwara zama, har gobe in ka hau kana ganin gindin ganuwa da gurabun rumbuna, da zaman lahiya yas samu sunka sauko kwari don noma, kuma an ce babban abin da sunka sauko da shi dutsen nan na. Baƙi ƙirin, tsawon kamu guda, tsakiyarshi ta lotsa saboda gugar aska. Shina hannun Sarkin Askan garin, gado na tun kaka da kakanni, kuma duk jinjirin da anka haihwa garin, ranar suna sai an goga aska bisa dutsen kamin ta taɓa kanshi. Sarkin Askan nan kuwa surukina na, uban matata. Shi yas sa hakimi yac ce ni za a aika, tunda ɗan gida nike, yah haɗa ni da wani dogari ana ce mishi Bawa, mutum mai bakin tsiya wanda ko gawa yag gani sai ya tsokane ta.

Ga inda gizo ke saƙa. Lokacin matata na can gidansu goyon ciki, ta haihu ranar Jumma'a, namiji, ɗan hwari, mu kuwa ranar Alhamis munka kama hanya, watau gobe suna. To ku yaran yanzu da ke aza ɗan hwari bisa wuya kuna yawo da shi kasuwa, ba ku san yadda muke ba. Mu zamaninmu ɗan hwari ba ka kallonshi gaban mutane, ba ka hwaɗin sunanshi, ko an tambaye ka sai ka yi awa ba ka ji ba, ranar suna kuwa uba ɓacewa shike yi, abokai su tsaya mishi. Suruki kuma ba ka haɗa ido da shi, ba ka shiga cikin gidanshi, in kun yi kiciɓis ga hanya ka tuɓe takalmi ka ratse. Cikin raina, wallahi, kwana shida ban yi barcin kirki ba don ɗokin in ga yaron nan, amma ko uwata ba ta ji haka ga bakina ba.

Da la'asar munka isa. Zaure cike da mutane, 'yan suna sun hwara zuwa daga ƙauyuka, ni nad durƙusa daga bakin ƙohwa kaina ƙasa, Bawa yash shiga yay yi bayani. Sai tsohon yaj juya huska wajen bango, yac ce ma Bawa, "Dogari, umurnin hakimi ba a ƙi nai. Amma ka tambayar min abokin tahiyarka, ko shina iya haƙuri har gobe da hantsi a yi bakwai, kana shi ɗauka."

Kun ji hwa, tsoho mai hurhura, roƙona shike yi ta bakin wani. Kamin in buɗe baki Bawa yak kwashe da dariya, yal leƙo yac ce, "To ango, ka ji! Ka tsaya ka ga ɗanka ko? Ko kai za ka riƙe mishi kai a yi askin?"

Zaure yaɗ ɗauki dariya. Kunya tar ruhe ni, jini yah hau min kai, sai naj ji bakina na cewa, "Wane bakwai? Ni ban san da wani bakwai ba. Bature na tashi daga Rabah gobe da azahar, aiki anka aiko ni." Alhali ko na tsaya har hantsi ina cim mishi, na sani, Allah ma ya sani. Mutane sunka ce madalla, yaro mai kunya, ɗan mutunci. Tsohon kuwa yat tashi yash shiga gida, yah hito da abin naɗe cikin tsohuwar hwatar akuya, bai miƙa ma kowa ba, ƙasa ya aje shi yak koma ciki.

Da magariba ina alwala gindin dangar gidan, sai naj ji murya daga bayan zana, gwaggon matata ta, ƙanwar tsohon, wata tsohuwa da ba ta tauna magana.

"Kai ɗan nan, kana ji na?"

Nac ce, "Ina ji, Gwaggo."

"Shi kunya ta hana shi hwaɗa maka, kai kunya ta hana ka tambaya, to ni ba ni da ita. Dutsen ga ba namu ba na, riƙo muke yi. In shina gida, masu shi na barin askin ga hannun yayana. In ba shi gida ranar suna, da kansu suke zuwa su yi, kuma wanda sunka aske ba shi kwana."

Gabana ya hwaɗi, ba ni ɓoye muku. Amma na yi elemantare aji huɗu, ina jin good mornin, ina za ni bari tsohuwa ta tsorata ni da camhi? Kuma na riga na yi magana gaban maza, in na janye mi za a ce? Nac ce mata Allah shi ka tsarewa. Tac ce, "Shi na, amma ai an ce a ɗaure raƙumi." Naj ji tahiyarta.

Ana sallame asuba naɗ ɗora dutsen bisa jaki nas sulale. Bawa yac ce ƙahwarshi na ciwo, sai ya biyo ni daga baya, ƙarya shike, ƙanshin ragon suna yar riƙe shi. Ni kaɗai ke nan. Hanyar hita kwarin nan ta cikin wani kwazazzabo take bi, rairayi ƙasa, gaɓa ta hi tsawon mutum dama da hagu, bazara ta, ba ruwa ko ɗis. Na yi tahiya mai dama, rana ta hito ta yi hantsi sarai, ina ganin komi tas, don kada wani shi ce min duhu na ko magagin barci. Sai jakin yat tsaya cik. Na buga, na ja, na zage shi da uwa da uba, dabbar nan sai rawa jikinta ke yi, kunnuwa a miƙe. Naɗ ɗaga kai, sai ga wani tsoho tahe daga gabana, ya nuho garin da nab baro.

Wanzami na, don ga zabira rataye ga kahwaɗa, amma irin wadda ban taɓa gani ba, baƙa, an jera mata wuri. Ɗan guntun mutum, ba takalmi. Abin da yab ba ni mamaki kanshi, gashi cunkus har kahwaɗa awa tun da anka haihe shi aska ba ta taɓa shi ba, har nac ce cikin raina, lalle wanzami ba shi son jarhwa. Nay yi mishi sallama, bai amsa ba, sai yac ce, "Samari, ara min dutsen nan in wasa aska."

Dutsen hwa na cikin hwata, hwatar na cikin mangala, na kuma ruhe da buhu. Amma wallahi lokacin ban yi wannan tunani ba, hannuwana kawai nag gani suna kwance igiya, awa wanda babanshi ya aika. Na aje mishi bisa rairayi, yad durƙusa, yaz zaro wata 'yar aska siririya, da hannun hagu, yah hwara gogawa. Kun san ƙarar aska bisa dutse, kowa ya san ta. To ina kallon ƙarhe na tahiya na komowa, amma ba ƙara, ko kaɗan, kuma sai lokacin nal lura duk kwazazzabon ya yi tsit, ba kurciya, ba ƙuda, numhwashina kaɗai nike ji.

Bai ɗago ba yac ce, "Na ji an yi haihuwa garin ga. Ɗan wa na?"

Jama'a, ku ce min mi za ni ce? Dattijo na, baƙo, ya tambaye ni ɗan hwari. Abin da anka koya min tun ina yaro shi yah hito. Nac ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

Sannan yaɗ ɗago yad dube ni, ban iya hwaɗa muku kamannin idonai, na dai san na ji sanyi har cikin haƙora. Yac ce, "To madalla. Jiya ma haka anka ce muna. Wanda ba shi da mai shi ba shi da wuyar aski." Yam mai da aska zabira, yar raɓa ta gehena yaw wuce, ba gaggawa.

Na tsaya awa gunki, ban san ko minti nawa ba. Da nad duƙa in naɗe dutsen, sai naj ji shi da ɗumi awa jikin mutum, cikin lotsin nan kuwa ga wani abu baƙi-baƙi ya manne. Nas sa yatsa nad dangwalo. Gashi na. Laushi gare shi awa audugar rimi, ɗan siriri, mai danshi, irin wanda ba ka samu ga kan kowa sai jinjirin da bai yi kwana goma ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Nan take maganar Gwaggo tad dawo min. Ban tuna Di'o ba, ban tuna hakimi ba, ban tuna kaki ba. Nas sungumi dutsen nar rungume ga ƙirji, nab bar jaki nan, naj juya da gudu.

Ina hita lanƙwasar hwarko nah hango shi, tazarar jihwa guda, shina tahiya sannu irin ta tsohi, zabira na lilo. Nac ce alhamdu lillahi, yanzu in wuce shi. Ina saurayi hwa lokacin, ni ka tsere ma dokin Di'o in an aike ni. Na yi gudu har ina ganin wuta-wuta, naɗ ɗaga kai, shina nan tazarar jihwa guda. Naƙ ƙara mai, rairayi na cin ƙahwata, dutsen na ƙara nauyi awa ana aza min wani bisa wani, na duba, tazarar jihwa guda, bai ƙara sauri ba, bai waiwayo ba. Ina ihu, "Baba! Baba, tsaya don Allah!" Ina karanta duk abin da yaz zo bakina, Ƙulhuwallahu na haɗe ta da Ayatal Kursiyyu. Mun gamu da wasu mata za su hwadama cirar albasa, a gaban idona yab bi ta tsakiyarsu, ko ɗaya ba ta kauce ba, ko ɗaya ba ta gaishe shi ba, ni sunka watse ma suna salati, sun ga masinja ba hula shina kuka da gudu. Eh, kuka nike, ba ni jin kunyar hwaɗi yanzu.

Ina shiga gari nag ga ƙeyarshi ta shige zauren surukina. Zauren nan cike da maza, an riga an raɗa suna tun da sahe, amma ga goro cikin hwaihwai ba wanda yat taɓa. Da takalmina nat taka tabarmin dattawa, wani ya riƙo rigata nah hizge, Bawa na cewa kai, kai, ka haukace? Nak kutsa cikin gidan da tun da nay yi aure ban taɓa sa ƙahwa ba.

Mata sun yi da'ira tsakar gida, ba guɗa, ba daka. Ungozoma na zaune ta miƙe ƙahwahu da yaron bisa cinya, surukina na durƙushe gabanta da askarshi cikin kube, ya ƙi zare ta. Daga baya anka gaya min tun hitowar rana yaron yas saki nono, bai ƙara kuka ba, jikinshi yay yi sanyi. Wannan shi na ganina na hwarko da ɗana. Idonshi buɗe, ba shi ƙibtawa. Tsoho mai zabira kuwa ban gan shi ba, na duba ko'ina, babu. Amma kan yaron ya karkata gehe guda, ya tsaya hakanan ba mai riƙe da shi, daidai yadda wanzami ka karkata kai in za shi aski. Ina kallo, wallahi tallahi ina kallo, gashi na zubowa daga bisa kunnenshi na dama, sannu sannu, shina sauka bisa zanen ungozoma.

Ban san sa'ad da nab buɗe baki ba. Gaban surukina, gaban uwar matata, gaban matan gari kakab, nak kwarma ihu, "Ɗana na! Nawa na! Ni na haihe shi, shina da mai shi! Ɗana na!" Naz zube gaban surukina, nad dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, nad danƙa mishi dutsen hannu da hannu, nac ce, "Baba, ka yi mishi, don Allah ka yi mishi."

Yay yi bisimilla, yaz zare aska, yag goga sau ukku, wannan karon kowa ya ji ƙarar, yaɗ ɗora ta bisa kan yaron ta hagu. Ƙarhen na taɓa shi yaron yaz zabura yac canyara kuka, irin kukan da ka tsaga kunne, ban taɓa jin abu mai daɗi kamarshi ba har yau. Matata da ke cikin ɗaki tas saki nata kukan, Gwaggo taz zauna daɓas ƙasa tana hamdala. Tsohon ya aske kan tas, sai wuri guda bisa kunnen dama, hwaɗin yatsa ukku, nan ba abin askewa, an riga shi.

Abin da yab biyo baya ba shi da yawa. Sunana yab ɓace garin nan, yara da manya Ɗana-na suke ce min har nay yi hurhura, kuma na ji kunya ƙwarai, wata shida ban taka garin ba. Di'o kuwa, ni da Bawa munka samo wani baƙin dutse bakin gulbi, munka goge shi da man shanu da toka, yaɗ ɗaura mishi takarda shina murna. Sau guda tak surukina yat taɓa yi min zancen, bayan shekara biyu, mun haɗu bayan gari ba kowa, na ratse za ni tuɓe takalmi yac ce in bari. Huskarshi na wani waje yac ce, "Da wane hannu yar riƙe askar?" Nac ce hagu. Yaj jinjina kai yac ce, "Su ba su barin aiki rabi. Amma muddin dutsen na gida, ba komi." Ban tambaye shi su wa ba, shi ma bai hwaɗa ba.

Yaron ya rayu, ya girma, ya yi aure, shina hwataucin albasa Achida, shi ma har ya aurar. Wurin nan dai bai taɓa tsiro gashi ba, kuma ko cikin zahin bazara ka taɓa shi sanyi ƙalau. Mun saba, har mun bar lura. Surukina ya rasu, 'ya'yanshi sun rasu, jikoki sunka koma reza da asibiti. To bara waccan ɗan nawa yaz zo gaishe ni da salla, yat tuɓe hula za shi alwala, sai idona yas sauka wurin. Nac ce zo nan. Na aza yatsuna, ukku ba su ruhe ba, sai huɗu, bakin kuwa a miƙe sak awa an ja da aska. Sai na aiki mutum garin a tambayo min dutsen. Yad dawo yac ce wasu mutane sun zo da mota da rani suna sayen tsohin kaya, yaran gidan sun ba da shi, ba wanda yas san inda anka yi da shi.

Ɗan nawa ya je asibiti, likita ya ce sanƙo na, shekaru na. To Allah shi sa. Ni dai ban taɓa ganin sanƙon da ka hwarawa daga kunnen dama ba. Watan jiya da yaz zo na sake awo, tahin hannuna duka ya shige, ya kusa tsakar kai, kuma duk wanda nas san shina yawo kasuwannin birni na roƙe shi shi duba min baƙin dutse mai lotsi.

Don haka ku da ke karatu, abin da kunka ishe tsohi na ɓoyo cikin hwata ko tukunya, ko ba ku yarda da shi ba ku bar shi inda shike, ba ku san amanar wa suke riƙo ba. Kunya kuma ado ta, ban hana ku ba, amma in anka tambaye ka ɗanka, ko gaban wa, ko wane na yat tambaya, ka buɗe baki ka ce naka na.